Jawabin da aka yi a taron ƙungiya kan tafiyar mawaƙanmu



Kun ji yaranmu masu waƙa suna shirin ƙetare iyaka su je Daura su yi wasa. Madalla. Amma wace waƙa za su kai? Mutanen Daura Hausawa ne kamarmu, waƙoƙin Kano kuwa kullum suna jin su. Abin da za su so ji shi ne na Matameye.

Ku tuna, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka farfaɗo da samariya, a 1976 kuma aka yi bikin matasa na ƙasa a Damagaram. Mawaƙan lokacin manoma ne da ƴan lakwal da ƴan mata, ba sana'arsu ba ce. Ƴan matan nan yau kakanni ne, kuma yawancin waƙoƙin ba a rubuta ba. Duk wadda ta rasu, ta tafi da nata.

Saboda haka ina roƙo, kafin a nemi kuɗin mota, yara su zauna gaban iyayen nan su koya, a ɗauka a salula, magatakarda ya rubuta.

Allah ya kai su lafiya.