Tsarabar Matafiyi: Me Muke Kaiwa Gida?

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata da ke can baya, da 'yan'uwana 'yan kasuwa. An ce in yi magana kan tufafi da tsaraba, tunda shekara talatin ke nan ina cin abinci a harkar yadi nan Jimeta. Ni ba ɗan boko ba ne, Islamiyya na yi, sai ku yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Bara waccan na tafi Kano bikin 'yar ƙanena. Kafin in tashi na sayi huluna shida a gaggauce, na ce ga tsarabar Adamawa. Da na miƙa wa surukina tasa, dattijon ya juya ta ya leƙa cikinta, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai wannan daga nan ta je muku. Ka biya mata kuɗin mota sau biyu." Ɗinkin inji ce. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, ni da nake taƙama da sanin kaya.

To jama'a, kakanninmu ba haka suke fatauci ba. Bayan Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake sun riƙa zuwa da turkuɗin Kura da rigunan Kano, su koma da hauren giwa. A nan suka tarar da leppi, wato saƙar auduga siririya da Fulani ke kira haka, wadda har a matsayin kuɗi ake karɓarta a kasuwa. Bafatake bai ɗauki abin da ke akwai a garinsu ba, abin da babu yake nema.

Ku ɗauki hula. Duk wanda ya san ado ya san hular Bama. Da 'yan Boko Haram suka kama Bama a watan Satumba na 2014, sannan Mubi a Oktoba, kowa a zauren nan ya ga yadda mutane suka kwararo Yola, wasunmu ma sun sauke baƙi a gidajensu. Mata da yawa daga cikin waɗanda suka gudu, a Maiduguri da sauran wurare, da allura da zare suka ciyar da marayu. Hula ɗaya ta hannu takan ci makonni. In ka taya ta da farashin ta inji, ka ci haƙƙin baiwar Allah, ko ka sani ko ba ka sani ba. Gane ta kuwa ba wuya. Juya cikinta. Ta hannu za ka ga ƙulli da ɗan karkacewar zare nan da can, kuma biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Ta inji sumul take, dozin guda kamar an tsaga kara. Kai su wankin hula sau uku, ka ga wadda za ta tsaya da ƙafarta.

Masu shiga Garwa kuma, a can aka san masaƙar CICAM da aka kafa a 1965, da audugar arewacin Kamaru. In atamfar can kake so, karanta sunan da ke bakin turmi, ka murza yadin a hannu, kada ka tsaya ga kalar kawai. Namu na gida ai mun ga yadda suka ƙare. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta rufe a 2007. Muna zagin kayan Sin, amma wa ya jera su a shago? Mu ne. Ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba.

Dattawa sun tuna kantunan Leventis da PZ, waɗanda akwai Girkawa cikin waɗanda suka kafa su, suna sayar mana da kayan ƙetare. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a can ƙasar Girka masu zanen tufafi sun koma suna aiki da silikin wani ƙaramin gari nasu mai suna Sufli, baƙo kuma ya biya da tsada don ya ce na ƙasar ne. Mu da muke da aska takwas da tsamiya da saƙi, sai mu riƙa jin kunyarsu?

Roƙona ga shugaba shi ne, kafin azumi sakatare ya rubuta sunayen masu ɗinkin hula da masu surfani da muke da su a Jimeta da Yola, har da matan da ke cikin gida, a liƙa takardar a ofishin ƙungiya. Mai shirin tafiya ya ba da aiki da wuri, don aikin hannu ba ya son gaggawa. Ni na riga na ba da huluna shida, kuma ta farko ta surukina ce.