KOYA WA NA'URA AIKIN ZANE: JAWABI GA MASU ZANEN INJINIYA DA SAURAN JAMA'A



Babu wata gada, ko kwalbati, ko asibiti, ko bututun ruwan sha da ake aza harsashinsa sai an fara zana shi a takarda. Wannan zane shi ne jagoran magini da maƙerin ƙarfe da ɗan kwangila, da shi ake auna siminti da rodi, da shi kuma ake ƙiyasta kuɗin da za a fitar daga baitulmalin gwamnati. In zane ya yi jinkiri, aiki ya yi jinkiri. In kuwa zane ya zo da kuskure, to, kuskuren nan sai ya zama kankare, gyaransa kuma sai da gatari da asarar dukiyar talakawa. Saboda haka maganar yadda ake zanen nan ta shafi kowa, har da manomin da ke jiran hanya ta iso ƙauyensu.

Daga Allon Zane Zuwa Kwamfuta

A da, mai zane yakan wuni tsaye gaban allo, da rula da kamfas da alƙalamin tawada, yana jan layi ɗaya bayan ɗaya. In injiniya ya sake shawara ya ce a faɗaɗa ƙofa, sai a kankare tawada da reza, wani lokaci ma sai a sake takardar gaba ɗaya. A shekarar 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, a makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, ya nuna za a iya yin zane a fuskar kwamfuta da wata manhaja da ya kira Sketchpad. Amma na'urorin wancan zamani manya ne masu tsada ƙwarai, sai manyan kamfanoni. A watan Disamba na 1982 ne kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfuta irin ta ofis, daga nan kuwa allon zane ya soma ja da baya a ko'ina cikin duniya.

Sai dai akwai abin lura. Mutane da yawa sun ɗauki na'urar nan tamkar sabon fensir kawai. Abin da suka saba yi da hannu sau ɗari a takarda, shi suke yi sau ɗari a kwamfuta. Alhali kuwa babbar baiwar na'ura ita ce maimaita aiki ba gajiya, ba ƙosawa, muddin an koya mata sau ɗaya.

Yadda Ake Koya Mata

Koyarwar nan hawa-hawa ce. Matakin farko shi ne taƙaita sunayen umarni. AutoCAD tana da wani fayil mai suna acad.pgp, inda aka rubuta cewa harafin L shi ne jan layi, harafin C kuma shi ne zana da'ira. Mai zane yana iya buɗe wannan fayil ya ƙara nasa haruffa ga umarnin da ya fi yawan amfani da su.

Mataki na biyu shi ne jerin umarni, watau fayil na rubutu zalla wanda sunansa ke ƙarewa da scr. A ciki ake jera umarni ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mutum zai buga su da hannunsa, na'ura kuma ta bi su daga sama har ƙasa. Da irin wannan ake buɗe zane hamsin, a gyara kwanan wata a kan kowanne, a adana, a buga, mai zane yana can yana wani aikin. Amma jerin umarni ba ya tunani, ba ya tambaya, ba ya zaɓi.

Mataki na uku shi ne harshen AutoLISP, wanda aka saka cikin AutoCAD a watan Janairu na 1986. Asalinsa daga harshen LISP ne, wanda John McCarthy ya ƙirƙira a 1958. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: kowane umarni ana sa shi cikin baka biyu, a fara ambaton aikin da za a yi, sa'an nan abubuwan da za a yi aikin a kansu. Alal misali, wanda ya rubuta (+ 2 3) na'ura za ta ba shi 5. Wanda kuma ya rubuta (* 12 25.4) za ta ba shi 304.8, watau ƙafa ɗaya ke nan, inci 12, an mai da ita milimita. Da kalmar defun mai zane yakan ƙirƙiri sabon umarni nasa na kansa, ya raɗa masa suna, ya kira shi kamar yadda yake kiran sauran. Irin wannan umarni yana iya tambayar tsawo da faɗi, ya yi lissafi, ya duba abin da ke cikin zane, sa'an nan ya zaɓi abin da ya dace.

Har wa yau akwai waɗansu hanyoyi ga wanda ya yi nisa, kamar VBA da .NET. Waɗansu manhajojin ma, irin su BricsCAD, suna karanta LISP, ita kuwa FreeCAD, wadda ake samu kyauta, da harshen Python ake sarrafa ta. Tun daga fitowar AutoCAD LT 2024, ƙaramar AutoCAD mai rahusa ita ma tana karɓar AutoLISP, abin da a da ba ta yi.

Ribar Da Ke Ciki

A ɗauki misalin hanya mai tsawon kilomita 10, wadda safiyo ya auna tudu da kwarinta a kowace mita 25. Wuraren awo 401 ke nan, kowanne kuwa yana bukatar a rubuta nisansa da tsayin ƙasa da tsayin da hanya za ta kai. A ce kowane wuri yana cin minti uku, ya zama fiye da awa 20 ana aiki iri ɗaya. Mutum ɗan tara ne bai cika goma ba. Kafin ya kai wuri na ɗari uku ido ya gaji, sai ya rubuta 68 inda ya kamata ya rubuta 86. Amma ɗan gajeren umarni zai karanta alƙaluman safiyo daga fayil, ya rubuta su duka cikin ɗan lokaci kaɗan. In kuma aka sake tsayin hanyar, sai a sake kiran umarnin kawai.

Riba ta biyu ita ce daidaito. In ofis ya amince da kaurin layi iri ɗaya, da girman rubutu iri ɗaya, da sunayen shimfiɗun zane iri ɗaya, aka zuba su cikin umarni guda, to, zanen da ya fito daga hannun sabon ma'aikaci zai yi kama da na tsohon hannu. Magini a Calabar da magini a Sakkwato za su karanta shi ba tare da ruɗewa ba. Riba ta uku ita ce ƙidaya: na'ura tana iya ƙirga ƙofofi da tagogi da fitilu da ke cikin zane, ta jera su a tebur domin mai ƙiyasin kuɗi.

Hattara

Amma fa a sani, na'ura ba ta da hankali. Yadda take maimaita daidai sau 401, haka take maimaita kuskure sau 401, ba tare da ta ɗaga kai ba. Wanda ya rubuta 2.54 a maimakon 25.4 ya mai da kowane awo kashi ɗaya cikin goma na yadda ya kamata, zanen kuwa zai fito tsaf da kyan gani. Don haka lalle ne a gwada kowane sabon umarni a kan kwafin zane, a bar na asali a ajiye, sa'an nan a ɗauki wurare kaɗan a lissafa su da hannu a gwama. Doka ba ta san na'ura ba. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, mutane take yi wa rajista, injiniyan da ya sa hannu da hatiminsa a kan zane kuwa shi ke ɗauke da alhakinsa.

Hatsari na biyu shi ne karɓar umarni daga inda ba a sani ba. AutoCAD takan ɗauki waɗansu fayiloli, irin su acad.lsp da acaddoc.lsp, ta aiwatar da su da kanta, miyagu kuma sun daɗe suna fakewa da wannan. A shekarar 2012 kamfanin tsaro na ESET ya gano wata cuta mai suna ACAD/Medre.A, wadda aka rubuta da AutoLISP, ta kwashe dubban zane-zane, galibi daga ƙasar Peru, tana aika su a ɓoye zuwa akwatunan saƙo a ƙasar Sin. Tun daga AutoCAD 2014 akwai SECURELOAD da TRUSTEDPATHS, waɗanda ke hana manhaja ɗaukar umarni daga wurin da ba a amince da shi ba sai da izini. Kada a kashe su don neman sauƙi, rigakafi ya fi magani.

Kira Ga Shugabannin Ofisoshi da Matasa

Ya kamata kowane ofishin zane ya ajiye umarninsa wuri guda, a rubuta bayani a kan kowanne cewa ga aikinsa, ga wanda ya rubuta shi, ga ranar da aka gwada shi. In ba haka ba, ran da gwanin ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki, ilimin ya tafi tare da shi. Ya kamata kuma shugabanni su ba ƙananan ma'aikata lokacin koyo, kada su ɗauki wanda ya zauna yana rubuta umarni a matsayin mai zaman banza.

Matashin da ke koyon zane a kwalejin fasaha kuwa, ba sai ya zama masanin kwamfuta ba kafin ya fara. Ya duba aikin da ya fi gundurarsa a mako, ya rubuta matakansa a takarda ɗaya bayan ɗaya, ya mai da su jerin umarni, ya gwada, ya gyara. Sannu ba ta hana zuwa. Lokacin da ya samu ta wannan hanya sai ya yi amfani da shi wajen duba zanensa da idon basira, domin wannan aiki ne da har yanzu yake wuyan ɗan Adam.