JAWABIN TUNAWA DA BABANMU TSOHON SOJA



Kwamitin jubili ya roƙe ni in faɗi kaɗan a kan ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa wannan ikilisiya shekara hamsin da suka wuce, wato Babanmu tsohon soja, wanda ya riga mu zuwa wurin Ubangiji.

Baba ɗan manomi ne daga ƙasar Roni. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, ya shiga soja tare da samari da yawa na ƙasar nan. Aka hore shi a Zariya, aka tura shi bakin daga wajen Inugu. Yaƙin ya ƙare a watan Janairu na 1970, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Shi ya sa ƙasarmu ke tuna 'yan mazan jiya kowace ranar 15 ga Janairu.

Waɗansu sun dawo daga wannan yaƙi da ɗacin zuciya, waɗansu giya ta cinye su. Baba kuwa ya dawo da tsoron Allah. Bai cika son ba da labarin yaƙi ba. In yara suka matsa masa, sai ya gaya musu cewa waɗanda suka mutu a ɗaya gefen su ma 'ya'yan wasu ne, ya sa su yi wa gwaurayen can addu'a.

Horon soja ya kawo shi cikin gidansa. Kafin gari ya waye ya tashi iyalinsa, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, sa'an nan a tafi gona. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa Mama hannu ba. Ya sa 'ya'yansa mata a makaranta a lokacin da mutane ke ganin hakan asara ce. 'Yan'uwansa Musulmi ba su rasa shi a suna ko a makoki ba, su ma ba su bar shi shi kaɗai ba ranar da aka yi jana'izar ɗansa. Da za a gina majami'armu ta fari, shi da 'ya'yansa suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali. Rayuwarsa tana tuna mana da Karniliyus a Ayyukan Manzanni sura 10, sojan da ya ji tsoron Allah shi da dukan gidansa.

'Yan'uwa, gidaje irin wannan ne suka riƙe ikilisiyarmu har ta kai yau. Yanzu fa, gida nawa ne a cikinmu ake sujadar safe? Matasanmu suna tafiya Kano neman abinci. Abin da suka gani a hannun ubanninsu, da shi za su tafi.

Saboda haka ina roƙon iyaye maza, ku komo ga sujadar iyali tun daga gobe da asuba. Dattawa kuma, Mama tana nan da rai a cikinmu, kada hatsi ya ƙare mata muna kallo.

Ubangiji ya ta'azantar da iyalin Baba, ya ba ƙasarmu salama. Amin.