Ilmi Mai Zurfi na Kirista da Yaron Ƙauye: Misalin Ƙasar Rano



Wanda ya bar birnin Kano ya nufi kudu ta hanyar Bunkure, zai isa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, garin da labarin gargajiya ya haɗa shi da Kano a kan sarautar baba da rini. A ƙauyukan Rano da Kibiya, har zuwa Tudun Wada da Sumaila, akwai Hausawan da ake kira Maguzawa, watau waɗanda kakanninsu suka zauna a kan addinin gargajiya, suna biyan jizya ga sarakunan Musulunci. Yau da yawa daga zuriyarsu sun musulunta, waɗansu kuwa sun shiga addinin Kirista. A kan 'ya'yan waɗannan na biyu ne za a auna amfanin manyan makarantun da ikilisiyoyi suka gina a Nijeriya, domin idan ilmin nan bai iske su ba, to, da wuya a ce ya iske talakan da aka yi shi dominsa.

Tarihin abin gajere ne. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka daɗe ana tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakuna. Da ƙofa ta buɗe kuwa, ta hanyar magani ta buɗe. A cikin shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya tare da En'e ta Kano, a 1943 kuma ta kafa asibitin ido a Kano. An riga an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Da wannan littafi ne, da ajin karatu a gindin itace, Bamagujen da ya tuba ya fara sanin baƙi da wasali.

Sai dai reshen sama ya fi na ƙasa saurin tsawo. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda take Bukuru, an buɗe ta a 1959. Makarantar tauhidi ta ECWA a Jos ta biyo baya a 1980. Da gwamnatin tarayya ta fara ba jami'o'i masu zaman kansu izini a 1999, ikilisiyoyi ne suka yi ta rige-rige, har ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a Karu cikin 2005, tsohon asibitin Jankwano na Jos ya zama wurin koyar da likitocinta. Duk wannan abin yabo ne. Amma a duba taswira: Bukuru, Jos, Karu. Ba ko ɗaya da ke kusa da gonar mutumin Kibiya, kuɗin makarantar jami'a mai zaman kanta kuwa ya fi ƙarfin rumbun dawa da buhunan masarar da manomi ɗaya zai iya fitarwa a shekara.

A nan ne matsalar take, kuma ba ta Kirista kaɗai ba ce. Yaron da zai shiga jami'a sai ya ratsa firamare da sakandare, wannan hanya kuwa ita ce ta lalace a karkara. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika ƙauyuka da azuzuwa kafin a sami isassun malaman da za su tsaya a cikinsu. Makarantun mishan da gwamnatocin jihohi suka karɓe a shekarun 1970, an karɓe su ne da nufin daidaita jama'a, amma horon malamai da sa ido da suka sa aka san su bai bi ginin ya koma hannun hukuma duka ba. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista na ƙauye guda, a benci guda suke zaune, malami guda ne kuma ba ya zuwa.

Ɗan Kirista na ƙasar Rano yana da ƙarin kaya ɗaya. Shi Bahaushe ne gaba da baya, ba shi da wani harshe, ba shi da wani garin da zai ce can ne asalinsa. Amma kukan da irin waɗannan iyalai suka daɗe suna yi shi ne, idan yaro mai suna Bulus ko Yakubu ɗan Markus ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, sai a yi masa kallon baƙo. Ba tare da takardar nan ba, babu gurbin jiha a jami'a, babu tallafin karatu. Ma'aikacin da ke zaune a bayan tebur ya kamata ya tuna, tsarin mulkin 1999 ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda addininsa, kuma sa hannu guda nasa yana iya yanke wa yaro karatu har abada. A kudu kuma, a makarantar ikilisiyarsa, sau da yawa ana kiran yaron nan Bahaushe da irin muryar da ba ta yabo ba.

To, me ya rage wa manyan makarantun Kirista? Marigayi Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya rasu a Kenya a 1975, ya yi ta jan hankalin ikilisiyoyin Afirka su horar da masanansu da kansu. An yi hakan, an sami masu digiri a tauhidi. Abin da ƙauye yake nema ya wuce mai wa'azi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya sauya fuskar kudancin Kano, sai dai manomin da bai iya karanta rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari ba, yana fesa abin da zai cuce shi. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare, ungozoma mai horo take bukata. Saurayin da ya bar gona ya faɗa shan ƙwaya a tasha, malamin da ya san shi tun yana ƙarami ne zai iya jawo shi.

Kwalejin da ta ɗauki ɗan Rurum ta koya masa Girkanci da Turanci, ta miƙa shi ga wata babbar majami'a a Abuja, ta yi wa yaron alheri, amma ƙauyensa ya yi asarar mutum ɗaya da ya iya karatu. Da za a ware gurabe kyauta ga 'ya'yan manoman nan a fannin koyarwa da jinya da aikin gona, bisa sharaɗin su koma gida su yi shekara uku ko huɗu, da asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ya sami mai tsaronsa. Masu zuwa asibitin nan kuwa, mafi yawansu Musulmi ne, kamar yadda masu layi a asibitin ido na Kano suka kasance tun 1943.