Bayan Mun Ajiye Alli: Shirin Zagaya Maroko a Jirgin Ƙasa



Mu da muka fito daga kwalejin ilimi muka kama aiki shekara ashirin da suka wuce, yau mun ci rabin zango. Dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, a inda aka fara aiki da ita. Ko ta wane lissafi, ranar tana tafe. Mun kuwa ga yadda ta riski magabatanmu. Sun ajiye alli suka ɗauki fayil, suna zarya a kan haƙƙinsu, wasu har suka koma ga Mahaliccinsu garatuti bai fito ba. Fafutukar ƙungiya a kan wannan ba za ta tsaya ba. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: ban da jira, me muka tanadar wa waɗancan shekarun?

Mun ƙarar da ƙuruciyarmu muna zana taswirar Afirka a allo, muna nuna wa yara garuruwan da ba mu taɓa takawa ba. Shawarar da muka kawo ita ce mu je mu gani, a ayari ɗaya, cikin natsuwa. Mun zaɓi Maroko saboda dalili biyu. Na farko, layin dogo ya haɗa manyan biranenta, kuma dattijo ya fi samun sauƙi a jirgin ƙasa, inda zai miƙe ƙafa, ya zaga, ya kalli ƙasa ta taga. Na biyu, tarihinmu yana can. Jar fatar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetara Sahara da ita, ta tashoshin Arewacin Afirka ta isa Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Ga yadda muka tsara zangunan, na kimanin mako biyu. Jirgin sama zai sauke mu a Kasablanka, kuma akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin. Za mu kwana biyu mu huta gajiya, mu ga Masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993 a bakin teku. Daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa Rabat, babban birnin ƙasar. A Rabat za mu hau Al Boraq, jirgi mai tsananin gudu na farko a Afirka, wanda aka buɗe a 2018, yake kaiwa kilomita 320 a awa guda. Shi zai kai mu Tanja, mahaifar Ibn Battuta, matafiyin da ya iso har Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353.

Daga Tanja sai Fas, inda za mu fi daɗewa, kwana huɗu. A nan Masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, ya zama cibiyar karatu har yau. Duk malamar da ta sha fama da iyaye a kan karatun 'ya mace ta cancanci ta tsaya a ƙofarsa. A nan ne kuma zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, ga kuma majemar da har yanzu ake jima da hannu. Zango na ƙarshe shi ne Marrakesh. Ita ce tafiya mafi tsawo, ta fi awa shida, don haka za mu yanki tikitin aji na ɗaya mu tashi da safe. Daga can za mu koma Kasablanka, tafiyar kamar awa uku.

Ƙa'idarmu ita ce kada a kwana ɗaya tak a gari, kuma kada a sa fita biyu a yini ɗaya. Lokacin da ya dace shi ne Afrilu ko Oktoba, domin Fas da Marrakesh suna da zafi mai tsanani a Yuli da Agusta, ga sanyi a Janairu. Ana buƙatar fasfo da biza, kuma mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa da takardar likita. Larabci da Faransanci ake yi a can, saboda haka malamanmu na Arabiyya su ne tafintocinmu.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan magana. Ba za mu jingina wannan tafiya da garatuti ba, domin mun ga yadda alkawarinsa yake. Ba kuma za mu taɓa kuɗin makarantar yara ba, kuma wanda ke tarin kujerar Hajji, ita ce a gaba. Abin da muke nema shi ne reshe ya amince a buɗe asusu na daban a ƙungiyarmu ta adashi, kowa ya riƙa zuba abin da zai iya duk wata. Tun da darajar naira tana zaizayewa, kwamiti zai riƙa juya kuɗin a kiwo ko hatsi, ya kawo lissafi a rubuce duk ƙarshen zangon karatu. Wanda Allah ya yi wa rasuwa kafin lokaci, kuɗinsa na magadansa ne, kuma wanda larura ta kama yana iya janye nasa.

Iyayenmu da suka riga mu ajiye aiki, muna roƙon ku shiga kwamitin, domin kun san ramukan da ke kan hanyar. Mu kuwa sauran, da sanyin safiya ake kama fara. Rajista tana hannun sakatare, mai sha'awa ya rubuta sunansa kafin a tashi.

Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya.