Kafin a Shiga Fili: Ƙa'idodin Gasar Bayanan Wasanni da Ƙirƙirarriyar Basira



Abin da za mu yi magana a kansa yau ba shi da farin jini a wurin matasa, watau ƙa'idodi da sharuɗɗan shiga gasa. Mun san halinmu. In aka buɗe gasa, idonmu kan faɗa kan kuɗin kyauta ne tukuna, sa'an nan mu danna wurin amincewa ba tare da mun karanta ko layi ɗaya ba. To, mutum yana iya ɓata wata uku yana kwana gaban kwamfuta, ya zo na ɗaya, a kuma hana shi kyautar saboda sharaɗi guda da bai karanta ba. Domin kada maganarmu ta zama ta iska, za mu ɗauki gasa ɗaya ta ainihi mu bi ta daki-daki.

Gasar ita ce Big Data Bowl, wadda hukumar NFL ta Amurka ta fara shiryawa a 2019. Wasan da hukumar ke kula da shi dabam yake da ƙwallon ƙafarmu: shi ne wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, abokan hamayya suna ƙoƙarin kayar da mai ita. A cikin kariyar kafaɗar kowane ɗan wasa an sa wata 'yar na'ura da ke nuna inda yake a fili sau 10 a kowace daƙiƙa. Waɗannan alƙaluma ne hukumar ke bai wa jama'a, ta ce a rubuta manhajar da za ta fitar da ma'ana daga cikinsu. Tun daga gasar 2020 akan yi ta a dandalin Kaggle, wanda aka kafa a 2010, kamfanin Google kuma ya saye shi a 2017. Kowace shekara da tambayarta: a 2020 an nemi a yi hasashen yadi nawa mai gudu da ƙwallo zai ci, a 2024 kuwa batun kayar da abokin hamayya aka duba.

Sharaɗi na farko shi ne wa ya cancanci shiga. A bisa ƙa'idodin da Kaggle ya saba kafawa, sai wanda ya kai shekara 18, ko shekarun balaga a dokar ƙasarsa. An hana mazauna ƙasashen da Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi, irin su Kuba da Iran da Koriya ta Arewa. Nijeriya da Nijar da Ghana ba sa cikin wannan jeri, saboda haka ƙofa a buɗe take gare mu. Ma'aikatan masu shirya gasa ba su da rabo a kyauta, kuma dalilin a fili yake: alƙali ba ya yanke wa kansa hukunci. Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne, a gasannin 2023 zuwa 2025 an ware rukuni na musamman domin ɗaliban digiri na farko, da sharaɗin kowane ɗan ƙungiya ya zama ɗalibi, kuma ana iya neman shaida. Wanda ya ɗauko yayansa mai digiri na biyu ya sa a ƙungiya don ya ƙara musu ƙarfi, ya fitar da su duka daga rukunin ke nan.

Lalle ne mu lura da abin da ba a sa cikin sharuɗɗa ba. Ba a ce sai Ba'amurke ba, ba a kuma ce sai masanin wasan ba. A gasar 2020, wadda ƙungiyoyi fiye da 2,000 suka shiga, mutum biyu ne daga Ostiriya suka yi nasara, Philipp Singer da Dmitry Gordeev, alhali saninsu game da wasan kaɗan ne. Daga baya hukumar ta ɗauki tsarinsu ta gina ma'aunin da take auna masu gudu da ƙwallo da shi. Ashe gwanintar lissafi da iya rubuta manhaja ake nema, waɗannan kuwa ba gadon wata ƙasa ba ne.

Sharaɗi na biyu shi ne rajista ɗaya ga mutum ɗaya, tare da iyaka kan yawan amsoshin da za a miƙa a rana, galibi biyar. Wannan shi ne wanda ya fi jawo gunaguni, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa. A irin wannan gasa akan raba bayanai gida biyu. Kashi ɗaya a ba ka tare da amsoshinsa domin manhajarka ta koya, ɗayan kuma a ɓoye amsoshinsa domin a jarraba ta. Duk lokacin da ka miƙa amsa, allon matsayi zai nuna maka makinka. Wanda aka bari ya miƙa sau dubu, yana iya lalubo amsoshin da aka ɓoye kaɗan-kaɗan, kamar ɗalibin da aka bari ya yi ta maimaita jarrabawa ɗaya har ya haddace ta. Makinsa zai yi kyau, amma manhajarsa ba ta koyi komai ba. Wannan ya taɓa faruwa. A 2015 masu shirya gasar gane hotuna ta ImageNet sun gano cewa wasu masu bincike na kamfanin Baidu sun buɗe rajista wajen 30, sun miƙa amsa aƙalla sau 200, alhali sau biyu a mako aka yarda. Aka dakatar da su shekara guda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka ne ma akan ajiye allon matsayi na biyu, wanda ba a buɗe shi sai bayan an rufe gasa, kuma da shi ake yanke hukunci. A gasar 2020 hukumar ta yi abin da ya fi haka: an auna manhajojin ne da wasannin da aka buga bayan rufe ƙofa. Ba mai satar amsar wasan da ba a riga an buga ba.

Sharaɗi na uku ya shafi ƙungiya. Akan ƙayyade yawan mutanenta, akan kuma sa ranar da daga ita ba sauran haɗewa. An hana ƙungiya ta bai wa wata ƙungiya manhaja ko bayanai a ɓoye. In kana son taimakon jama'a, sai ka sa abin a fili inda kowane mai gasa zai gani. A nan ne mu ɗalibai muka fi saurin faɗawa rami, domin zumunci ya saba mana da cewa abokin ɗaki ba ya roƙo a hana shi. Amma a gasa, irin wannan kara tana iya jawo a kori mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya. In kuna son yin aiki tare, ku yi rajista a matsayin ƙungiya ɗaya tun da wuri.

Sharaɗi na huɗu shi ne amanar bayanai. An ba ka su ne domin gasa, ba ka da ikon rarraba su. Haka kuma ba a yarda ka nemo amsoshin da aka ɓoye ta bayan gida ba. A wata gasar Kaggle ta 2019, wadda dandalin PetFinder na Malesiya ya shirya, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ta kwaso amsoshin daga shafin masu gasar, ta ɓoye su cikin manhajarta. A farkon 2020 asiri ya tonu, aka ƙwace matsayin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman da yake tilas ne wanda ya ci kyauta ya miƙa manhajarsa tare da bayanin yadda take aiki, a sake gudanar da ita a ga ko za ta ba da sakamako iri ɗaya.

Akwai kuma ƙananan sharuɗɗa masu kayar da gwanaye. A shekarun da alƙalai ke karanta rahoto, an ƙayyade kada ya wuce kalmomi 2,000, an kuma iyakance yawan jadawali da zane. Lokacin rufewa galibi ƙarfe 11:59 ne na dare agogon GMT, watau 12:59 na dare a nan Nijeriya. Mu da muka san halin wutar lantarki da intanet a wurarenmu, bai kamata mu jira ranar ƙarshe ba. Ko a gasar Netflix ta dala miliyan 1 a 2009, ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki, wadda ta riga miƙawa da minti 20 ita ta ɗauke kyautar.

'Yan'uwa, waɗannan sharuɗɗa duka abu ɗaya suke tsarewa, watau a tabbata wanda ya ci gasa iliminsa ne ya ci masa. Da wannan tabbacin ne kulob-kulob ke ɗaukar waɗanda suka yi fice a gasar aiki, kuma in babu shi kyautar ba ta da daraja ko ga mai ita. Wanda wasan Amurka bai dame shi ba, ya sani an yi irin wannan gasa kan ƙwallon ƙafa tare da Manchester City a 2020, da hukumar Bundesliga ta Jamus a 2022. Ga kuma dandalin Zindi da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2018, mai shirya gasanni kan matsalolin nahiyarmu.

Shawararmu ita ce, tun da sharuɗɗa kan canza daga shekara zuwa shekara, kowace ƙungiya ta zauna ta karanta na shekarar da za ta shiga, daga farko har ƙarshe, kafin a rubuta layin manhaja ko ɗaya. Ta kuma ɗora wa mutum guda alhakin lura da ranaku da iyakoki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.