Aikin Lauya a Shimfiɗa Manyan Layukan Wutar Lantarki a Kano

Tashar sola ko ta ruwa ba ta da amfani sai da layin da zai ɗauki wutarta ya kai wa masu buƙata. Kano tana da tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, ga kuma injinan wuta a madatsar Tiga. Duk da haka, galibin wutar da ke shiga gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni daga nesa take zuwa, ta layin da ya taso daga Kaduna ya sauka a babbar tashar Kumbotso, kafin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya rarraba ta. A watan Oktoban 2024, da manyan layuka biyu masu kawo wuta Arewa suka lalace, an kwashe kwanaki birnin na cikin duhu. Shi ya sa ake ta batun ƙarin layuka, kuma kowane layi yakan fara ne a teburin lauya, tun ba a haƙa ramin turke ko ɗaya ba.

Abin da lauya zai fara tantancewa shi ne hukumar da ke da ikon ba da izini. A da amsar guda ce, hukumar kula da lantarki ta tarayya, NERC, a Abuja. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar sun ba jihohi damar kafa hukumominsu. Layin da ya tsaya cikin jiha yana iya komawa ƙarƙashin dokarta, wanda ya ƙetare iyaka kuwa na tarayya ne. Sai binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda wata doka ta 1992 ta wajabta.

Inda gizo ke saƙar shi ne filin da layin zai bi. Layi mai kilobolt 330 yana buƙatar hanya mai faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30, ba a gini a ciki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓewa domin amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan filin ce, wato gini, shuka da itatuwa. Bankunan da ke ba da rance, irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, sharaɗinsu ya fi haka tsauri: a biya abin da zai isa mutum ya sake mallakar kwatankwacin abin da ya rasa, a kuma tallafa wa wanda ba shi da takardar fili. Lauyan da ya tsaya ga dokar gida kawai yana iya gama aikinsa tsaf, sannan banki ya ƙi sakin kuɗi.

A ƙauyukan gefen Kano gona ɗaya kan haɗa haƙƙoƙi da dama. Ta yiwu ta gado ce da ba a raba ba, babban wa ne ke nomawa, ƙannensa mata na gidajen aurensu da rabonsu a ciki. Wani ya karɓi sashe jingina, ɗorawar da ke tsakiya kuma ta wani ce daban. Idan aka miƙa diyya ga wanda aka tarar da fartanya a hannu, an sayi ƙara. Hanyar da ta fi tsira ita ce a zauna da mai unguwa da dagaci, a rubuta sunan kowane magaji, a nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a. Aikin na da cin lokaci, 'yan kwangila ba sa son sa, amma ya fi sauƙi a kan umarnin kotu na dakatar da aiki bayan an kafa rabin turaku.

Sai yarjejeniyar sayen wuta. A 2016 kamfanin NBET, mai sayen wuta a madadin gwamnatin tarayya, ya ƙulla irinta da kamfanonin sola 14, amma ayyukan suka maƙale kan farashi da lamunin gwamnati. Dole takarda ta fayyace wanda zai ɗauki asara idan tasha ta kammala layi bai iso ba, ko idan layin ya kasa ɗaukar wutar da ake samarwa da tsakar rana, ko ɓarayi suka kwance ƙarafan turke.

Idan rigima ta tashi, wurin kai ta ma sai an yi hattara. Babbar Kotun Tarayya da ke Gyaɗi-Gyaɗi takan saurari ƙorafi kan matakan hukumomin tarayya, amma shari'ar mallakar fili mai takardar gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce. Manyan kwangiloli kuwa yawanci sukan tanadi zaman sulhu a gaban masu shiga tsakani, wani lokaci a wajen ƙasar, kuma tun ranar sa hannu ake zaɓar wurin zaman da dokar da za a bi.